Rantsuwa a Kan Randar Waliyyi

Litinin, 19 ga Satumba 1905, da hantsi

Hayaƙin gidan ƙanen mijina bai daina tashi ba tun jiya. Daga baranda ina hango shi a ƙetaren kogin Alazani, iska na kawo mana ƙaurin har cikin ɗaki. Pelo ta ce in shigo in daina kallo. Na ce mata ni ce Barbale matar marigayi Zaal, tun ina amarya nake tsayawa a barandar nan ina duba gonakin gidan nan, ba 'yan tawayen nan, 'yan jar tuta, ne za su koya mini inda zan sa idona ba. Ta yi ƙwafa ta koma madafa. Don ta shayar da ɗana, gani take ni ma ita ta raine ni.

Inabi ya nuna har ya fara fashewa a jikin kuranga, ba wanda ya zo yanka. Kakannin Zaal sun binne manyan randunan giya na farko a ƙasar nan tun kafin a ji labarin wani wai shi Sarkin Rasha, kuma kaka ba ta taɓa zuwa ta tarar da su ba wanki ba. Bana ga su nan baki buɗe, sai ƙudaje.

Elizbar ya dawo ɗazu, ba hula. Ɗana ke nan guda, ba wa ba ƙane. Ba zan rubuta abin da ya faru a bakin gada ba. Doki ne ya firgita. Rigarsa na cusa cikin tanderu da hannuna.

Talata, da azahar

Vano, yaron ƙauyen nan da aka ɗauko jina-jina daga bakin gada, ya cika da safe. Ni na riƙe yaron nan ranar da aka yi masa baftisma, ni na ɗinka masa rigar. An ce yayansa Gigla ya tsoma hannu cikin jinin ya dangwala a ƙofar coci, ya ce ba zai wanke hannun ba sai da jinin gidanmu. Wa ya aike su su tare wa ɗan basarake gada a kan maganar rabon amfanin gona? Doki ne ya firgita.

Hanyar garin Telavi na hannunsu, ta dutse ma haka. Na ce wa Pelo Elizbar ya tsallake zuwa wurin makiyaya tun da asuba, ta durƙusa ta yi ta gode wa Allah. Ban gaya mata gaskiya ba, kuma ba zan gaya mata ba. Tana son yaron kamar ta haɗiye shi, na sani. Amma shugaban 'yan jar tutar nan, Tedo, daga cikinta ya fito.

Ni da Zakro ne kawai. Tsohon nan tun zamanin surukina yake kula da ɗakin randuna, kuma da na faɗa masa abin da nake so sai da ya zauna a ƙasa.

"Ranki ya daɗe, randar waliyyi fa kika ce. Ba a ɗaga murfinta sai ranar idi. Ko ɓarawo ba ya taɓa ta."

"Shi ya sa na ce ita, Zakro. Ɗauko guga."

Muka kwashe giyar Waliyyi Giorgi muka juye cikin randar da ke kusa. Zakro na kwasa yana kuka yana alamar gicciye, hawaye da majina duk sun gangaro cikin gemu. Ba zan rubuta abin da muka sa a madadin giyar ba. Abin dai yana da gashin baki, yana da baƙar magana irin ta ubansa, kuma sai da na mare shi kafin ya yarda ya taka tsanin. Muka zare tsanin, muka mayar da murfin dutse, muka cusa 'yar tsakuwa a gefe guda don iska.

Waliyyi ya yafe mini. In kuma ba zai yafe ba, ya jira sai komai ya lafa mu yi magana.

Laraba, da yamma

Sun zo.

Karnuka suka fara harbewa, har da tsohuwar karyar da ba ta da haƙori ko ɗaya. Tedo ne a gaba, jan ƙyalle a damtse, takalmin wani soja a ƙafarsa. Yaron da suka sha nono ɗaya da Elizbar, suka yi rarrafe a tabarma guda, yau shi ne ya tsaya mini a tsakar gida ya cire hula rabi da rabi, kamar hular ce ke jin kunya.

"Ranki ya daɗe, daga yau gida da gonaki na ƙauye ne. Kwamiti ya yanke."

"Kwamiti? Da kake fitsari a zanen uwarka a madafata, kwamitin yana ina?"

Wasu suka yi dariya. Gigla bai yi ba. Na dubi hannunsa na dama, da gaske bai wanke ba, ya bushe ya yi baƙi har wuyan hannu.

Suka birkice gida. Suka soke katifu, suka farke hoton surukina daga goshi har ciki, suka hau rufi suka sauko. Da ba su samu komai ba Gigla ya jawo Zakro ta gemu zuwa ɗakin randuna, ya kwantar da shi cikin komin da ake tattake inabi. Ya tambaye shi inda Elizbar yake sau ɗaya, Zakro ya ce bai sani ba. Ya sa gindin bindiga ya farfasa masa yatsun ƙafa. Ya sake tambaya, Zakro ya tofa masa yawu da jini. Daga nan bai ƙara tambaya ba, duka kawai yake, a fuska, a ƙirji, har sai da jini ya bi bakin komin ya ɗigo ta inda ruwan inabi ke fita. Ni ina tsaye biyu sun riƙe ni, idona na kan bango. Ban dubi kusurwar gabas inda randar waliyyi take ba ko sau ɗaya.

Tedo yana waje wurin dawaki. Da ya shigo ya fizge bindigar ya daka wa Gigla tsawa, amma me ya rage? Zakro ya buɗe ido ya dube ni, ya rufe. Na tsani Tedo yau fiye da yadda na tsani Gigla. Gigla dai ƙanensa aka kashe.

Alhamis, da magariba

Mun binne Zakro. Na kai wa waliyyi kyandir da gurasa kamar yadda nake yi kowace magariba. Waliyyi bai ci ba.

Asabar, da la'asar

Kwamiti ya ce a yanke inabi. Duk ƙauye ya fito da kwanduna, mata da miji, har da waɗanda na yi wa magani da hannuna. Kuma waƙa suke! Waƙar kakar gidanmu, wadda a da sai Zaal ya yanke nonon inabi na farko kafin a ɗauko ta. Na rufe taga, muryar ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa.

Suna wanke randuna ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya sauka da tsani, a miƙa masa ruwa, ya yi ta gogewa yana ihu daga ciki. Na zauna a bakin ƙofa da saƙata ina kallo, na ce ai gara in ga yadda ake ɓata mini kaya. Abin dariya, duk wanda ya zo kusa da kusurwar gabas sai ya kauce, ya yi alamar gicciye da hannun da ke ɗaure da jan ƙyalle. Jiya suka tsaya a dandali suna cewa babu sarki babu limami. Yau ga su suna sanɗa a gaban randa.

Wani ya ce, "Gimbiya, komin nan har yanzu ja ne. A kankare?"

Gigla ya ce, "Bar shi. Ai giyar ma ja ce."

A kan jinin Zakro suka zuba kwandon farko suka hau tattaka.

Lahadi, da magariba

Waliyyi ya ci gurasa da cuku, ya ce waken ya yi gishiri. Ina durƙushe da kyandir kamar mai addu'a, bakina dab da tsagar murfi. Wari ke fitowa daga ciki, ba zan ce na mene ne ba. Da igiya nake saukar da tulu in jawo wani.

"Mama, ƙafafuna sun kumbura. Na ji komai ranar Laraba. Na ji Zakro."

"Yi shiru. Sojoji na tafe, kwana kaɗan ne."

"Ki gaya wa Tedo."

"Ka haukace?"

"Nono ɗaya muka sha, Mama. Ba zai zubar da jinina ba, haramun ne gare shi, shi ma ya sani. Ki kira shi gefe ki gaya masa. Ko ki gaya wa Inna Pelo."

"Wanda ya tsaya yana shafa wuyan doki ana kashe Zakro? Shi zan miƙa wa kai?"

Can ya ce, "Ban yi niyya ba, Mama. Ya kama linzami ne, ni kuma..."

Na ce, "Doki ne ya firgita. Ci abincinka."

Yana kuka na taso. Zaal bai taɓa kuka a gabana ba har ya mutu, amma Zaal bai taɓa kwana a cikin randa ba.

Talata, 27 ga Satumba, da hantsi

Sun gano tsohuwar giya, wadda Zaal ya rufe shekarar da aka haifi Elizbar don ranar aurensa. Suka fasa yumɓun murfin da diddige. Ba ƙahon shan giya, ba shugaban tebur mai sa albarka, ba wanda ya tashi ya ambaci matattu. Da guga suka sha, kamar shanu a bakin rijiya. Kafin rana ta faɗi biyu sun kaure a kan agogon bangon surukina, ɗaya ya soka wa ɗaya wuƙar yankan inabi a ciki. Wanda aka soka ya zagaya tsakar gida yana riƙe da hanjinsa da hannu biyu yana kiran uwarsa, sauran na dariya don sun ɗauka rawa yake. A gindin matakala ya faɗi.

Da safe Tedo ya sa aka ɗaure wanda ya yi sukar a jikin babban itacen tsakar gida, ya harbe shi da kansa. Bayan haka ya je bayan rumbu ya yi amai. Na gan shi ta taga, na ji daɗi.

Pelo ta wanke gawar duka biyun. Ba ta yi wa ɗanta magana, abinci kawai take ajiye masa ta juya baya.

Laraba, da magariba

Randuna sun cika, sun fara tafasa. Ɗakin sai gunaguni yake kamar cikin mai yunwa. Numfashin sabuwar giya nauyi gare shi, ƙasa yake bi, rami yake nema, shaƙe mutum yake, kowane yaro a yankinmu na Kakheti ya san haka. Na ajiye kyandir a ƙasa, harshen ya yi shuɗi ya kwanta. Na tokare ƙofofin biyu da duwatsu, na ce musu in ba iska giyarsu za ta yi tsami. Sun yarda.

Waliyyi ya ce kansa na sarawa.

Alhamis, da azahar

Kansa na sarawa. Ƙofofi a buɗe. Ba labarin sojoji.

Juma'a, da hantsi

Dariya nake yi. Na ci su! Ni kaɗai, mace, na ci su duka.

Gigla ya tara mutane a tsakar gida da safe. Ya ce ya aika wurin makiyaya, ba wanda ya ga Elizbar. Ya ce an tsare kowace hanya, tsuntsu ne shi da zai tashi? Yana cikin gidan nan, a kawo kananzir a cinna wa gidan wuta, ɓera zai fito da kansa. Har sun fara jawo ciyawa suna tarawa a gindin baranda.

Tedo ya hau wurina, ya tura ƙofa ya rufe. Ya rame, idonsa ja.

"Ranki ya daɗe, ni da ke ne. In akwai abin da za ki gaya mini, ki gaya mini yanzu. Ni kaɗai."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Akwai. Takalmin nan ya yi maka yawa."

Ya daɗe yana kallona. Ya sauka ya ce wa mutane ba za a ƙone abin da ya zama na ƙauye ba. Ya ce a kai ni ɗakin randuna in dafa randar waliyyi in rantse, ai ba a taɓa jin wanda ya yi ƙarya da hannunsa a kanta ba. In na rantse, magana ta ƙare. Tsofaffi suka ce haka ne. Gigla ya tofar da yawu amma bai musa ba.

Suka taru, ɗaki ya cika har ƙofa. Na durƙusa na ɗora tafina a kan murfin. Dutsen da ɗumi. Allah ya sani ko daga ina kalmomin suka zo mini, amma sun zo. Na ɗaga murya don na baya su ji.

"Na rantse da Waliyyi Giorgi, ɗana Elizbar ba ya kan ƙasar gidan nan. In yana kanta, waliyyi ya busar da hannun nan."

Ba ya kanta! Ai kuwa ba ya kanta, a ƙarƙashinta yake. Ko limamin coci ba zai kama ni da harafi ɗaya ba. Na miƙe na nuna musu hannun, na juya shi gaba da baya. Tedo ya sauke numfashi, ya yi alamar gicciye a gaban kowa, shugaban 'yan jar tuta guda. Pelo ta rungume ni tana cewa, "Ya tsira, ɗana ya tsira." Suka kwashe ciyawarsu suka watse.

Yau zan gasa wa waliyyi kaza.

Juma'a, da la'asar

Wani ya zo a sukwane, ya ce sojojin doki sun taso daga Telavi. Tedo ya kwashi duk mai iya riƙe bindiga don su tare su a mashigin kogi. Ya bar Gigla da 'yan tsirarun mashaya. Kafin ya hau doki ya je ya ture duwatsuna da ƙafa, ya jawo ƙofar baya ya sa sakata ta ciki, ya fito ta gaba ya datse da kwaɗo.

Na sauko da gudu, ban san ina da sauran gudu ba. Na ce giya na son iska. Na ce tana son a juya ta safe da yamma. Na ce kyandir ɗin waliyyi fa?

"In na bar musu a buɗe, kafin in dawo sun yanka juna. Waliyyi zai yi haƙurin dare ɗaya, ranki ya daɗe. Gobe da hantsi ina nan."

Gigla na tsaye a gefensa yana sakace da tsinke. Na buɗe baki. Na dubi hannun nan baƙi. Na rufe.

Makullin na ɗamarar Tedo, Tedo ya tafi.

Juma'a, da magariba

Akwai 'yar taga a sama kusa da rufi. Iska na shiga ta nan. Dare ɗaya ne. Iska na shiga.

Asabar, rana ta fito

Hantsi ya yi bai dawo ba. Ana jin bindiga daga kogi. Zan gaya wa Pelo.

Lahadi, ban san lokaci ba

Da hagu nake rubutu.

Na same ta tana kwaɓa gurasa, na faɗa mata a tsaye. Ta zare hannu daga cikin ƙullu ta sharara mini mari, ita Pelo, 'yar talakawan mijina. Ban rama ba. Ta ɗauki gatarin faskare muka zagaya ta baya. Ƙofar katako ce mai kauri, surukina ya sa aka yi mata ɗamarar ƙarfe don ɓarayi. Pelo na sara ina sara, gatarin na tsalle yana dawowa. Ƙarar ce ta kira su.

Gigla ya zo da mutum uku. Ya karɓe gatarin kamar daga hannun yara.

"Gimbiya, ƙishirwa ce haka da sanyin safiya?"

Na durƙusa masa. Na rubuta don ya tabbata: ni Barbale na durƙusa na kama ƙafar Gigla ɗan makiyayin aladunmu. Na ce yana ciki. Na ce yana cikin randar waliyyi, ka fasa ƙofa ka fito da shi, ka kai shi gaban kwamitinku, ka ɗaure shi, ka yi abin da za ka yi amma ka fito da shi ya shaƙi iska.

Ya tsaya. Na ga fuskarsa ta buɗe a hankali. Ya yi dariya har da dafa bango.

"A'a, ranki ya daɗe. Kin rantse. Duk ƙauye ya ji, da hannunki a kan randa. Mu talakawa ne, ba ma ƙaryata rantsuwar manya."

Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, ya ce, "Gigla, ka ji tsoron Allah. In kisa ne a kashe shi kamar mutum, a fili." Gigla ya juya bindiga ya fasa masa baki. Sauran biyun suka sunkuyar da kai.

Ya jawo kujerar Zaal daga ɗakin cin abinci ya dasa a bakin ƙofar gaba, ya zauna, bindiga a cinya. Na faɗa masa da farce, na tsaga masa kunci. Ya kama hannuna na dama ya ɗora a kan dokin ƙofa.

"Wannan ne kika ce waliyyi ya busar? To waliyyi ya aiko ni."

Sau biyu ya buga. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Suka ɗaure mu da Pelo a jikin itacen, fuskarmu na kallon ƙofa. Pelo ta yi ta ƙwala kira, "Elizbar! Ɗana! Miƙe tsaye, kada ka zauna! Sa bakinka a tsagar!" har muryarta ta dishe. Wajen azahar muka ji bugu daga ciki, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga tulu a jikin dutse. Na ce ga shi nan, kuna ji, kuna ji! Gigla ya kasa kunne da hannu.

"Giya ce ke tafasa, gimbiya. Bana za ta yi ƙarfi."

Bugun ya yi ta raguwa. Yakan tsaya ya dawo. La'asar ta yi yana nan. Ban san lokacin da ya daina ba, don na yi ta jin sa a kaina bayan Pelo ta ce ya daina. Na zagi Gigla, na zagi uwarsa, na zagi Vano a kabarinsa, na zagi waliyyi da sunansa. Da rana ta faɗi dattijon nan ya kwance mu da bakinsa a kumbure, aka kulle mu a ɗakina.

Pelo na zaune a ƙasa tana kallon bango. Ta ƙi ɗaure mini hannun.

Lahadi, da yamma

Tedo ya dawo da rabin mutanensa, kansa a naɗe da tsumma. Pelo ta fasa gilashin taga da goshinta, ta leƙa jini na zuba, ta kira shi da abin da ya rage mata na murya. Kalma uku ta faɗa. Ya diro daga doki kafin dokin ya tsaya.

Da aka buɗe mu har ya cire kwaɗo. Wani ya kunna kyandir ya miƙa cikin ƙofa a daidai gwiwa, kyandir ɗin ya mutu nan take. Suka ce wa Tedo ya jira iska ta shiga. Bai jira ba. Ya jiƙa tsumman kansa ya rufe hanci, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga. Murfin da sai mutum biyu ke ɗagawa shi kaɗai ya ture. Sau biyu suka jawo shi waje yana tangaɗi, sau biyu ya koma. A na ukun ya fito da shi a kafaɗa.

Ya shimfiɗe shi a tsakar gida. Ba rauni ko ɗaya a jikinsa sai yatsunsa, faratan duk sun tsage. Gemu ya fito masa. Tedo ya sa baki a bakinsa yana hura, yana danna ƙirji, yana cewa, "Tashi, ɗan'uwana, tashi, kai wawa." Sai da Pelo ta dafa kansa ya bari.

Gigla na nan a kan kujerar Zaal, bai motsa ba. Ya ce, "Ban taɓa shi ba, shugaba. Kai ka rufe ƙofa."

Tedo ya ɗauki gatarin da ke jingine a bango. Gigla ya ɗaga bindiga amma ya makara. Ba wanda ya raba, ba wanda ya ƙirga saran. Kujerar ma ta tafi.

Ya zo ya tsaya a gabana, jini har gira, gatarin a hannu. Na ɗaga masa wuya, wallahi so nake. Ya yar da gatarin.

"Doki biyu na ɗaure a gidan niƙa tun ranar da muka zo. Da guzuri, da rigar makiyayi. Da kaina zan tsallakar da shi. Na hau na tambaye ki, ni kaɗai. Na kai ki gaban randa don in kin ƙi rantsewa in san yana nan, in san abin yi."

Ya matso kusa, ya ci gaba.

"Kin rantse, ranki ya daɗe. Na yarda da ke. Wa ke ƙarya a kan randar waliyyi?"

Na ce, "Ban yi ƙarya ba."

Ya dube ni kamar bai ji yaren ba. Ya juya ya ɗauki ɗan'uwansa ya shiga da shi gida. Pelo ta bi shi, suka rufe ƙofa. Ita ta yi wankan. Ba su kira ni ba.

Talata, 4 ga Oktoba, da hantsi

An binne shi kusa da ubansa. Ƙauye ya zo, sun tsaya daga nesa huluna a hannu. Tedo ya riƙe akwatin ta wajen kai. Pelo ce ta yi kukan uwa, ta kira shi da duk sunayen da take kiransa yana goye. Ni idona a bushe yake, hannuna ya yi baƙi ya kumbura, ba na jin sa.

Da aka saukar da shi na kama rigar limamin coci da hagu. Na maimaita masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yadda na faɗe su ranar Juma'a, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ya gaya mini a gaban mutanen nan, a gaban Tedo, ina ƙaryar take? Ya nuna mini harafi ɗaya da ba daidai ba. Na girgiza shi na ce ya yi magana.

Limamin ya zare rigarsa daga hannuna a hankali. Ya ce in matsa, za su zuba ƙasa.